Ƙwaryar Inna a Tabarmar Wakili

Markar bana ce ta tuna mini. Tun shekaranjiya ruwa yake zuba a hankali, bai yi ƙarfi ba, bai kuma ɗauke ba. Wankin jikokina ya ƙi bushewa, gishiri ya yi ruwa a gwangwani, ashana sai an ɗumama ta a hammata take kamawa. Ɗazu da hantsi na ji ana karanta kasafin kuɗin gari a rediyo, wai an ware kaza domin magudanan ruwa, an ajiye kaza domin abin da ka iya tasowa. Nan take na ji ƙamshin tsiron gero, alhali babu ko ƙwaya a ɗakin. Sai na ɗauko fensir. Ajin yaƙi da jahilci ya bar mini hannun boko, ni kuwa tun ina yarinya rubutu ya fi mini sauƙi a kan magana.

A lokacin ina makarantar allo, ina fama da ƙananan surori. Gumel tana ta cika. Bayan babbar yunwar da iyayenmu suka gani, mutane suka riƙa gangarowa daga wajen Damagaram, wasu suna gudun aikin dole na kumandan, Baturen mulkin can, wasu sun biyo kasuwar dabbobi da gyaɗa. Fili ya ƙare a cikin ganuwa, aka fara gini a bayanta. Haka unguwarmu ta samu, Unguwar Gawo. Babana, Malam Habu, shi ya fara kafa bukka a wurin, don haka shi aka naɗa mai unguwa. Kullum sai mu wayi gari mu ga sabon darni da sabon hayaƙi, kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini kuwa yana ta ƙara faɗi.

Na san akwai babban lissafi da malaman baitulmali suke yi a takarda, amma wannan ban taɓa ganinsa ba. Wanda na gani shi ne na tabarma. Duk kaka, in an gama kai amfanin gona gida, Wakili, mai kula da gari a madadin sarki, yakan tara masu unguwanni a raba kason da aka bar wa ayyukan gari. Tsoho ne siriri mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. A shekarar nan a gidanmu aka zauna, domin Baba ya gama gina sabon zaure na ƙasa mai ƙofa biyu, kuma yana so a gani. Na kai musu ruwan sha zan fita, Wakili ya ce, "Uwar Shiru, zauna nan ki tsinto mini abin da ya gangara." Haka yake kirana, don bai taɓa jin muryata ba.

A zamanin wuri ya daina sayen komai, kwabo da anini sun kore shi. Amma Wakili ya ajiye jaka guda. Ya zazzage a tabarma, kowane wuri yana tsaye a madadin wani yanki na kason. Kafin kowa ya buɗe baki, ya ja tsibi ɗaya gefe, ya kife shi da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki.

"Wannan ba na kowa ba ne," in ji shi. "Na shekarar da ba mu sani ba ne."

Duk wanda yake wurin ya san ƙa'idar. Abin da ke ƙarƙashin ƙwarya gero ake saye da shi tun yana arha, a ajiye. Ba a taɓa shi sai an ci tumun baɗi, in ba masu unguwanni duka sun taru sun yarda a buɗe ƙwaryar ba.

Daga nan aka shiga rabon sauran. Ga na yaɓen ganuwa, ga na rumfunan kasuwa, ga na masu kwashe shara. Malam Jibo, mai unguwar kasuwa, taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa. Ba su taɓa haɗa tabarma ba tare da sun tsokani juna ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "unguwa biyu muke shan rijiya ɗaya. Tulunan matanmu sai su jeru har bakin masallaci. Rijiya muke so bana."

"Ku rage saukar baƙi mana," in ji Malam Jibo. "Duk wanda ya zo da jaki da tabarma, sai Habu ya ce masa ga fili."

"Baƙin nan su suke cika maka kasuwa. Ba don su ba, da kai da ƙuda za ku yi ta ciniki."

Wakili ya tura wuri gaban Baba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, amma tsibin bai kai na rijiya ba. Rijiyar ƙasarmu zurfi gare ta. Na ga idon Baba ya karkata wajen ƙwarya. Wakili ma ya gani.

"Ɗauke idonka daga ƙwaryata, Habu."

Can a gefen tabarma akwai wani ɗan tsibi da bai cika tafin hannuna ba. Baba ya tambaya na mene ne. Wakili ya ce na hanyar ruwa ne, tun zamanin mahaifinsa ake ware shi a share wa ruwa hanya daga kududdufi zuwa fadama.

Malam Jibo ya yi dariya har hularsa ta karkace. "A Gumel za a share wa ruwa hanya? Ya fara zuwa tukuna, ranka ya daɗe. In ya zo ni zan yi masa jagora."

Kowa ya dara. Dukansu sun ga abin da fari ya yi, sun binne 'yan uwa saboda shi, amma babu wanda ya taɓa ganin ruwa ya yi wa wani ɓarna. Wakili ya sa yatsa ɗaya ya tura ɗan tsibin cikin na rijiya. Har yau ina jin ƙarar wurin a kan tabarma.

Saura inda za a ajiye geron. A da rumbuna ake yi masa a cikin gari, amma gidaje sun matse, kuma ranin da ya wuce gobara ta lashe rumbunan wata unguwa. Baba ya ce baƙinmu na arewa sun iya ajiyar hatsi a rami, inda wuta ba ta kai, ɓarawo ba ya gani. Wakili ya dube shi ya ce, "Amana ce, Habu. Abincin gari ne." Baba ya ce ya ɗauka.

Aka gwada haƙa a kan tudu, rairayi ya riƙa zubowa. Sai aka gangara kusa da kududdufi, inda ƙasar take da laka, bangon rami yana tsayawa kamar an yi masa yaɓe. Kowa ya yaba wurin. Aka shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa, aka jera zana a jikin bango, aka zuba tsaba, aka rufe da ƙaiƙayi da ƙasa. Mu yara muka tattake saman da ƙafa muna waƙa, har wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Da rani masu haƙar rijiya suka zo daga Gagarawa. Ni nake kai musu fura in an tashi daga karatun safe. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙasar da suke fitarwa, domin launinta yana canzawa: fara, sa'an nan ja, sa'an nan wata mai ruwan ɗorawa. Na riƙa ƙulle kowace iri a bakin zane ina kai wa Inna ta gani. Bazara ta shigo da zafinta. Rairayi ya hana mu tafiya sai da tsalle daga inuwa zuwa inuwa, tawada tana bushewa a bakin alƙalami kafin in kai ƙarshen layi. Ruwa ya zama abin aune a gidanmu. Wanda aka wanke hatsi da shi akuya ake ba, na alwala a tara a kasko a zuba wa ɗan zogalen Inna. Ranar da guga ya fito da ruwa daga sabuwar rijiya, mata suka yi ta guɗa. Baba ya sha na farko da lakarsa da komai, ya ce bai taɓa shan madara mai daɗinsa ba.

Damina ta faɗi a kan lokaci. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai. Kamar kowace shekara, hatsin gidaje ya ja baya. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, Inna tana cika mana ciki da kwaɗon rama da tafasa. Ba mu damu ba, gero ya yi ciki a gona, kuma kowa ya san akwai abin da ke kwance a rami.

Sai marka ta sauka, irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ba tsawa, ba iska, zuba kawai. Rana ta ɓace. Itace ya jiƙe, hura wuta sai da hawaye. Katangu suka fara zubewa da wani irin sauti mai taushi, kwaɗi suka cika unguwa da kuka har ba ma jin muryar malaminmu a makaranta. Kududdufi ya cika ya tumbatsa. Ruwan ya nemi tsohuwar hanyarsa ta zuwa fadama, ya tarar an yi gini a kanta. Sai ya juyo ya kwanta a kan ramukan hatsi.

Baba ya tara samari suka yi jinga da ƙasa, ruwa ya haye ta. Da safe sai ya je ya tsaya a gefe, ruwa har idon sawu, yana duban wurin. Ya ce laka ba ta barin ruwa ya ratsa, ya kuma faɗa sau da yawa. Amma tuwonsa yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Na ji Inna tana cewa, "Malam, ka ci ko loma biyu." Ya ce, "In geron nan ya ruɓe, da wane ido zan dubi mutane? Gonaki ma ga su a cikin ruwa. In na gona ya lalace, na rami shi ne kaɗai abin da gari yake da shi."

Wata safiya ina dawowa daga makaranta, allona a ƙarƙashin zane, na tsaya kallon tururuwa. Sun fito daga gindin jingar suna hawa wani kututture, kowace da ƙwayar gero a baki. Na lura ƙwayoyin suna da ɗan farin wutsiya. Na tsinci 'yan kaɗan na dunƙule. Baba yana zaure shi kaɗai. Na tsaya a bakin ƙofa na daɗe, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na je na buɗe masa tafin hannuna.

Ya duba, ya ɗauki ɗaya ya murza. Ya ce, "A ina?" Na nuna da hannu. Ya tashi ya naɗa rawaninsa, ya shiga cikin ruwan ya nufi gidan Wakili.

Kafin azahar masu unguwanni suka hallara a gindin gawon unguwarmu. Gawo kuwa da damina ba ya da ganye, saboda haka duk suka jiƙe sharkaf. Wakili ya zo a kan jaki, da malafa a ka, ƙwaryarsa a hammata. Ya kife ta a ƙasa, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya yarda. Ya sa hannu ya buɗe ta.

Amma ba a buɗe rami da ruwa a kansa. Sai an fara sallamar ruwan. Wakili ya ɗaga sandarsa ya bi tsohuwar hanyar da ita, daga bakin kududdufi, ta gefen gawo, har sandar ta tsaya a kan sabon zauren Baba. 

"Na yi alkawarin yi masa jagora," in ji Malam Jibo, "amma ban san a gidanka zai sauka ba. Kai da son baƙi."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya karɓi gatari a hannun wani saurayi ya nufi zauren. Inna ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, a fid da tabarmi tukuna." Muka kwashe tabarmi da buta da buzun salla. Shi ya fara sara, Malam Jibo ya tuɓe riga ya kama masa, sauran maza suka biyo. Da bangon ya faɗi, ruwa ya ratsa ta tsakiyar zauren da gudu, ya ɗauki akurkin Inna da zakara a kai, yara suka bi shi da ihu har fadama.

Washegari ƙasa ta bayyana, aka buɗe ramin farko. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da tsami ya taso. Saman ya cure wuri ɗaya, fari fat da tsiro kamar gemun Wakili. Ƙarƙashinsa jiƙaƙƙe ne, da ɗumi. Baba ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da shi a dunƙule. Ya buɗe, gero ya zubo ta tsakanin yatsunsa a bushe, yana shashshaka. Sai ya zauna daɓas a cikin taɓo da farar rigarsa, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Aka kasa hatsin uku. Busasshen, wanda ya fi yawa, aka ɗora wa jakuna zuwa tudu. Jiƙaƙƙen aka raba gida-gida a shanya, a cikin ɗaki tunda babu rana. Duk inda ka shiga gero ne a tabarma, a faifai, a kan gado. Mata suka hura wuta suna juya shi a manyan kasake. Zauren malamin makarantarmu ma ya cika, muka jingine alluna muka zauna a gefen shanya, muna juya gero da hannu muna biya karatu. Wanda ya bushe aka ba gidajen da nasu ya ƙare, su mayar da kaka.

Saura mai tsiro. Maza suka ce a zuba wa jakuna. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, wata dattijuwa daga arewa mai sayar da kunu, ta tsaya a kan tsibin ta riƙe ƙugu.

"Jakuna? Jakin wa ya yi muku aikin da zai sha wannan?"

"Ke da kika koya mana rami," in ji Malam Jibo, "ga abin da ramin naki ya haifa."

"A garinmu rami yana shekaru ba abin da ya same shi. Ruwan garinmu ko kaza ba ya jiƙawa. Ni na ce ku haƙa a bakin tafki? Ku kawo mini turmi."

Mata suka busar da tsiron a bakin wuta, aka daka, aka dama kunu aka zuba garin a ciki aka rufe. Da aka buɗe ya tsinke, ya yi zaƙi kamar an sa zuma. Aka kai wa Wakili a ludayi. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya goge gemu.

"Kason hanyar ruwa mun zuba shi a rijiya," in ji shi. "To ga ladan masu haƙa ya fito daga rami. A yi shela: duk wanda ya zo da fartanya, zai sha ya kai wa iyali."

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba. A tsakiyar damina, lokacin da ciki yake kukan yunwa, ga kunu randa-randa a gindin gawo. Mutanen cikin gari suka fito, baƙi suka fito, har fatake masu jiran hanyar Maigatari ta bushe suka ajiye kaya suka kama. Mu 'yan mata muna ɗiba a ƙorai muna bin layin masu haƙa, ƙudan zuma suna binmu. Malam Jibo yakan sha nasa ya koma ƙarshen layi ya miƙo ƙoƙo kamar sabon zuwa, Ya Falmata ta ce, "Mai Unguwa, gemunka bai bushe ba." Kafin kunun ya ƙare, lambatu ya miƙe daga kududdufi har fadama, ta inda zaurenmu yake a da. Rana ta fito, ruwa ya janye daga gonaki, muka ci tumu.

Da kaka aka sake zama a ƙofar gidanmu, wannan karon a ƙarƙashin rumfar kara. Baba ya fito da rawaninsa a ninke a hannu, ya ajiye a gaban Wakili. Ya ce an ba shi amana bai mayar da ita cikakkiya ba.

"Naɗa abinka, Habu, rana tana dukan ka," in ji Wakili. "Yatsan da ya tura wurin nan nawa ne, dariya kuwa tare muka yi ta."

Ya zazzage jaka, ya ja tsibi ya kife da tsohuwar ƙwaryarsa. Sa'an nan ya ja na biyu, ya waiwaya ya neme ni.

"Uwar Shiru, shiga ki ce wa innarki ta ara mana ƙwarya."

Inna ta duba nan ta duba can, kunya ta hana ta aika wa manya da tsohuwa. Ta ɗauko wadda ta fi so, mai zanen ƙuna a gindi, tun ta kayan ɗakinta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Aro ne fa. Ki gaya masa."

Na kai, na durƙusa. Saƙon Inna ne, dole in isar. Na ce, "Inna ta ce aro ne."

"Ashe tana magana," in ji Malam Jibo. Aka yi ta dariya, har Baba.

Wakili ya kife ta a kan tsibi na biyu. Ya taɓa tasa ya ce, "Wannan ta fari." Ya taɓa ta Inna ya ce, "Wannan ta ruwa. Habu, kai za ka riƙe ta, tunda ruwa ya san gidanka."

Lambatun yana nan, yanzu an yi masa siminti, ina jin gudunsa ta bayan ɗakina ina wannan rubutu. Ƙwaryar kuwa ba ta dawo hannun Inna ba. A shekarun da suka biyo baya, duk kaka in Baba ya shigo daga zaman tabarma, kafin ya kai ga zama Inna takan ce, "Malam, ka dai tuna wa Wakili aro ne."